Yadda Ake Canza Murfin Gefen Injin Mashin a Gida

Duk wanda ya yi shekara biyu ko uku yana hawa mashin a cikin garin Sakkwato ya san yadda murafan gefen inji suke komawa. Ranar watannin Afrilu da Mayu, wadda zafinta kan wuce digiri 40, tana cin fenti har ya dusashe, ƙurar hunturu tana shiga kowane lungu, sannan takalmin mahayi kullum yana gugar wuri ɗaya kusa da giya. Idan aka ƙara da faɗuwa ɗaya ko biyu a cikin taɓon Mabera lokacin damina, sai a wayi gari inji na da ƙoshin lafiya amma fuskarsa ta tsufa. Canza waɗannan murafai, waɗanda masu gyara ke kira kaba, aiki ne da mutum zai iya yi a ƙofar gidansa cikin awa guda, muddin ya san abin da ke bayan murfin kafin ya ɗora sifana a kan noti.

Wannan shi ne wurin da mafi yawan mutane ke yin kuskure, domin a ido duk murafan kama ɗaya suke, alhali aikinsu ya bambanta. A ƙananan mashinan da suka cika titunanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, sarƙa tana gefen hagu, kuma murfin da ya rufe ƙaramin sifuroket na gaba, wato faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa, busasshe ne: babu komai a bayansa sai sarƙa da datti. Haka nan ɗan faifan ado da wasu mashinan ke da shi, wanda sukuru biyu ko uku ke riƙe da shi, da kuma murafan roba na ƙarƙashin kujera. Waɗannan su ne na kwalliya da kariya, kuma su ne abin magana a nan. Babban murfin dama kuwa na kuloci ne, baƙin man inji yana kwance a bayansa, kuma a injuna da yawa murfin maganeto na hagu ma yana riƙe da mai, ga koyil ɗaure a cikinsa. Hanyar ganewa ba ta da wuya. A duba inda murfin ya haɗu da jikin inji. Idan an ga siririn layin gaskit kamar bakin takarda ya leƙo, ko an ga ma'aunin mai a jikinsa, ko wayoyi suna shiga cikinsa, to wannan ba murfin ado ba ne. Shawarata ga wanda bai taɓa buɗe inji ba ita ce ya bar wa bakanike irin wannan, domin yana buƙatar a juye mai, wanda ya kai kusan lita ɗaya, a sa sabon gaskit, kuma ƙura kaɗan idan ta faɗa ciki ta isa ta ɓata abin da kuɗin murfi goma ba zai gyara ba.

Wajen saye, kada a dogara da sunan mashin kaɗai, saboda kamfani ɗaya kan sauya fasalin murfi daga wannan samfuri zuwa wancan. Abin da ya fi shi ne a kwance tsohon a tafi da shi shago, a kifa shi a kan sabon, a tabbata ramukan noti sun yi daidai ɗaya bayan ɗaya. A shafa bakin sabon da yatsa ko akwai kaushi, a ɗora shi a kan gilashin kanta a ga ko ya zauna daram ko yana rawa. Ba na goyon bayan murafan robar nan masu ƙyalli da wasu matasa ke liƙawa a kan silinda, domin injunan nan iska ce ke sanyaya su ta haƙarƙarin ƙarfen da ke jikinsu, kuma a gari irin namu toshe wa inji iska zalunci ne gare shi.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 8 da mai lamba 10, zai fi kyau a sami irin mai siffar T ko ta bokis, sai sukudireba mai kyakkyawan baki, da tsohon buroshin goge haƙora, da kananzir kaɗan, da tsumma, da guntun kwali. A yi aikin da safe kafin a tayar da mashin, ko bayan ya huce sarai, domin salansa mai zafi tana ƙona hannu, kuma zaren alminiyam na cikin ramukan noti ya fi saurin lalacewa idan yana da zafi. A kafa mashin a kan babban jak na tsakiya a wuri mai dabe, a zare makulli, a shimfiɗa buhu a ƙasa, domin noti idan ya faɗa cikin rairayi nemansa sai an yi gumi. Kafin a taɓa komai a wanke gefen injin, musamman kawunan notuna, saboda ƙasar da ta daskare a kansu ita ke hana sifana zama har ta zame ta murɗe kan noti.

Idan murfin sifuroket za a cire, sau da yawa sai an fara fitar da sandar giya. Kafin a zare ta, a ja ɗan layi da alli ko maka daga sandar zuwa kan ƙarfen da take zaune a kai, domin idan aka mayar da ita ta goce da haƙori ɗaya ko biyu, ƙafa za ta ji bambancin a duk lokacin da aka sa giya. Notin da ya matse ta kuma fitar da shi ake yi gaba ɗaya, sassautawa kawai ba ta isa, saboda yana zaune ne a cikin wata tsaga.

Sai maganar kwali, wadda a gare ni ita ce zuciyar aikin. Notunan murfi ɗaya ba lallai tsawonsu ya zama ɗaya ba. A zana siffar murfin a kan kwalin, a huda rami a daidai mazaunin kowane noti, duk wanda aka kwance a soka shi a gurbinsa. Ban koyi wannan da sauƙi ba. A karon farko da na yi aikin na zuba notunan duka a cikin murfin kwano, da na zo ɗaurawa sai na sa dogo a gajeren rami. Na ji ya cije alhali murfin bai matse ba, maimakon in dakata sai na ƙara ƙarfi, nan take na ji sifana ta yi sakwaf a hannuna, da na zaro notin sai ga zaren alminiyam ya naɗe a jikinsa kamar siririyar waya. Dattijon bakaniken da na tura wa mashin ɗin ya juya notin a tafin hannunsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, in noti ya ƙi shiga, ba wurinai na ba." Sai da aka sake yanka zare a ramin, kuma kuɗin da na biya ya fi na murfin.

Idan sukuru ne ya kafe, kada a yi ta murza shi har bakinsa ya cinye. A ɗiga masa man sassauta tsatsa, a ba shi minti goma, a zaunar da sukudireba sosai a ɗan buga bayanta da guduma, sannan a danna da ƙarfi ana juyawa a hankali. Da murfin ya saki a janye shi a miƙe, ana lura da siririyar wayar fitilar firi, wato fitilar da ke nuna mashin ba ya cikin giya, wadda kan bi ta wannan wuri a mashina da yawa. Abin da za a tarar a ciki baƙar laka ce ta giris da ƙura. A kankare ta da itace, a wanke da kananzir, kuma tunda wurin a buɗe yake a dubi haƙoran sifuroket, idan sun yi tsini ko sun lanƙwashe gefe guda to lokacin canza su ya yi.

Murafan roba na ƙarƙashin kujera sha'aninsu daban ne, domin ƙananan ƙafafu ne a bayansu da ke nutsewa cikin zoben roba. Zafi yana busar da zoben ya ƙandare, mai gaggawa ya fizga, ƙafar ta karye. A jawo su a miƙe daga kusa da inda ƙafar take, kuma a shafa wa zoben ruwan sabulu kafin a danna sabon.

Wajen ɗaura sabon murfin inji, a tabbata ya zauna da kansa ko'ina ba tare da ya danne waya ba, sannan a fara kowane noti da yatsu har ya yi zagaye uku ko huɗu. Wanda ya ƙi tafiya da yatsu a fitar da shi a sake dubawa. Bayan duk sun shiga sai a matse su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaya ɓangaren da ke fuskantarsa, don murfin ya zauna daidai. Irin waɗannan notuna masu kaurin milimita 6 ƙarfin da suke buƙata bai wuce kimanin Niyuton-mita 10 ba, wato ɗan kaɗan ne ƙwarai. Wanda ba shi da sifanar auna ƙarfi ya riƙe tasa kusa da kai, ya tsaya da zarar ya ji notin ya zauna ya ɗan cije. A mayar da sandar giya kan layin da aka ja, a juya tayar baya da hannu a saurara ko sarƙa na gugar murfin. Daga nan a zagaya unguwa a gwada giyoyin duka, a dawo a duba ƙasan injin ko akwai ɗigon mai, washegari kuma da safe, kafin a tayar da mashin, a sake bin notunan da sifana ɗaya bayan ɗaya.