Yadda Rukunin Masu Celo Za Su Koyi Kiɗan Maimaici

Celo babban ɗan'uwan goge ne daga Turai, mai tsirkiya huɗu, wanda ake kaɗawa a zaune an jingina shi tsakanin gwiwoyi, ana goga shi da baka mai izgar doki. Ba abin kiɗa ba ne da ake gani ko'ina a Bauchi, amma ko mutum huɗu kaɗai suka haɗu, akwai salon da ya dace da su tun kafin hannunsu ya faɗa. Shi ne minimalizim, wanda ya taso a Amurka a shekarun 1960, inda ake ɗaukar 'yar gajeriyar jimlar kiɗa, wato 'yan sautuka a jere, a yi ta maimaita ta har canji ƙalilan ya zama babban abu a kunne.

A fara da kiɗan In C, wanda Ba'amurke mai tsara kiɗa Terry Riley ya tsara a 1964. Shafi ɗaya ne mai jimloli 53, kuma bai ƙayyade irin kayan kiɗa ko yawan makaɗa ba. Kowa yana bin jimlolin a jere, yana maimaita kowace gwargwadon yadda ya ga dama kafin ya matsa, da sharaɗin kada ya wuce abokansa ko su bar shi a baya da fiye da jimla biyu ko uku.

Abu na farko shi ne bugun da kowa zai rataya a kansa. A asali ana buga sautin C na sama a kan fiyano ba tsayawa. Idan babu fiyano, mutum ɗaya ya ajiye bakan celonsa ya riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa. Wanda ya taɓa ganin mata suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya fahimci aikin: kowace taɓarya tana sauka a gurbin da 'yar'uwarta ta bari, kuma da zarar ɗaya ta yi gaggawa sai su gwabza. Saboda haka a zaman farko kada a bar kowa ya yi gaban kansa. A kaɗa jimloli goma na farko tare, kowace sau takwas, a hankali, har sai an daina ƙirga da leɓe. Bayan nan a raba rukuni biyu, na biyu ya shiga a makare da bugu ɗaya ko biyu, a saurari sabon amon da ya fito tsakaninsu, wanda babu wanda ya kaɗa shi shi kaɗai. A ganina wannan ne gishirin salon, kuma ba abin mamaki ba ne cewa Steve Reich, ɗaya daga jagororinsa, ya je Ghana koyon ganga a 1970.

Matsalar celo ita ce kaurin murya: idan duka suka taru a sautin ƙasa, sautin yakan dagule. Riley ya yarda a ɗaga jimla sama ko a sauke ta, don haka mutum biyu su tsaya a tsirkiyar A, wadda ta fi sauran siririyar murya, saura su riƙe ƙasa. A rage girgiza yatsa, a gajarta jan baka, kuma wanda ya ji ya ɓace ya yi shiru ya saurara kafin ya koma.

Hunturun Bauchi yana busar da katako, ƙusoshin ɗaure tsirkiya su yi ta sulɓewa, wani lokaci ma jikin ya tsage. A riƙa mayar da celo akwatinsa tare da ɗan soso mai danshi cikin leda mai huji, a shafa wa izgar baka ƙaronta (rosin) daidai misali, kuma a sake saita tsirkiyoyi bayan kowane minti ashirin.

Idan rukuni ya kai mutum takwas kuma hannu ya nuna, sai a duba Cello Counterpoint na Reich na 2003, mai muryoyin celo takwas, wanda saurinsa ke buƙatar watanni ana atisaye.