Yadda ake manna filastar roba ga mai ciwon kafaɗa

Ni dai ɗaukar bido, wato jarkar ruwa, ce ta jawo mani ciwon kafaɗa, lokacin nan da famfo ya ɗauke a unguwarmu ta Birni, lita 25 hagu da dama kullum safiya. Wani kine ne, wato ma'aikacin lafiya mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya koya mani manna filastar nan mai launi da kuke gani a jikin 'yan kwallo, Kinesio, wadda wani ɗan Japan Kenzo Kase ya ƙirƙiro wajen shekarun 1970, amma sai a gasar Olamfik ta Beijin 2008 duniya ta san da ita. Auduga ce mai miƙewa, faɗinta santimita 5, kuma ba wani magani a jikinta, gam ne kawai. Launin ma ado ne, baƙa da ja duk ɗaya.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne fata. Ka shafa basilin ko man kaɗe sannan ka ce za ka manna, wallahi ko azahar ba ta kaiwa, balle da zufar Damagaram a watan Afrilu. A wanke da sabulu a bushe sarai, in akwai gashi a rage shi. Kuma ka samu wanda zai manna maka, ni ƙanena nake kira, don da hannu ɗaya shirme kawai za ka yi.

A auna daga tsakiyar damtse (tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu) ta waje zuwa saman kafaɗa a yanko yankin filastar, a tsaga shi biyu a tsaye amma a bar kamar yatsa uku a ƙasa ba a tsaga ba, ya zama kamar gwafa. Kusurwoyin a zagaye su da almakashi in ba haka ba riga ce za ta riƙa kama su tana ɗayewa. Gindin gwafar a manna shi a tsakiyar damtse ba ja ko kaɗan. Sai ka kai hannunka baya a bi da reshe ɗaya ta gaban kafaɗa, ka rungumo hannun kan ƙirji a bi da ɗayan ta baya, ja ɗan kaɗan kawai. Sannan a yanko guntu a ja tsakiyarsa kamar rabin ƙarfinsa a gitta shi daidai inda ke zafin, bakunan biyu a kwantar da su haka nan. Karon farko ƙanen nawa ya ja har ƙarshe wai don ta fi aiki, kashegari sai ga ƙuraje jawur a bakin filastar. A goga da tafin hannu, ɗumi ne ke sa gam ɗin ya kama.

Tana yin kwana 3 zuwa 5, ana wanka da ita, sai dai a dadanna da tawul kar a goge. Wajen cirewa a ɗiga mai a bi kwanciyar gashi a hankali. Ƙaiƙayi ya dame ka, cire ta nan take, kuma ba a sa ta kan rauni.

Gaskiya ni sauƙi ta ba ni na samu ina ɗaga hannu, amma motsa jikin da kinen ya ba ni da rage ɗaukar bido su suka yi aikin. In faɗuwa ka yi daga kabu-kabu kafaɗar ta goce, ko hannun ba ya ɗaguwa sam, ko zafin na hagu ne yana haɗuwa da ƙirji da numfashi sama-sama, bar zancen filasta ka nufi asibiti.