Kamfani zai sayar da filin da ke jikin gonarka? Ga yadda za ka riga kowa

A sana'ata ta dillancin filaye, maganar da na fi ji ita ce: “Ai ni ne maƙwabci, ina da shuf'a, dole a fara yi mini tayi.” Shuf'a ita ce haƙƙin da shari'a ta bai wa mutum ya karɓi kadarar da aka sayar wa wani, a kan kuɗin da aka saya. Amsata ba ta yi wa mutane daɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, maƙwabci ba shi da shuf'a. Risala ta faɗa ƙarara cewa shuf'a ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba. Da zarar an sa iyaka an fitar da hanya, shuf'a ta faɗi. Hanafawa ne suka bai wa maƙwabci. Ko abokin tarayyar ma, in yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, shi ke nan.

Saboda haka takarda ce za ta fisshe ka. Kada ka jira sai an kafa allon sayarwa, lokacin 'yan kasuwa sun riga sun ji ƙamshi. Tun yanzu nemi kamfanin ku ƙulla yarjejeniya: duk ranar da za su rabu da filin, kai za a fara kawo wa, a kan kuɗin da wani ya taya, a kuma ba ka wa'adi, misali kwana 30, ka biya ko ka haƙura. Lauya ya rubuta. Ka biya ɗan wani abu a kan alkawarin, a sa shi cikin takardar, don alkawarin kyauta da wuya ya tsaya a kotu. Daraktoci ne za su sa hannu. Manaja mai fara'a da ya ce maka “ba komai, Alhaji” gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki.

Sannan a binciki takardar mallaka a hukumar rajistar filaye ta jiha, wato a KANGIS in Kano kake, a KADGIS in Kaduna. Filin kamfani sau da yawa yana jingine a banki.

In kuɗin ya fi ƙarfinka, ku haɗu da sauran masu iyaka da filin ku saya tare, safiyo ya yanka wa kowa nasa. Kuma ko an biya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai gwamna ya amince kafin mallaka ta koma sunanka, don haka ware kuɗin wannan tun farko.