Yadda Shugaban Asibiti Zai Ci Moriyar Horon Ƙungiyoyin Lafiya na Ƙasashen Waje

Duk wanda ya taɓa riƙe asibiti a Jihar Sakkwato, ko babban asibiti ne a Tambuwal ko cibiyar lafiya ta matakin farko a wani ƙauye na Tangaza, ya san irin takardar nan da ke zuwa daga ma'aikatar lafiya: wata ƙungiyar ƙasashen waje za ta ba da horo, a turo sunan mutum biyu kafin ranar Alhamis. Akan tura sunayen, a je otal a birni a yi kwana biyar, a dawo da jaka da satifiket da ɗan alawus, amma bayan wata shida in ka leƙa ɗakin haihuwa sai ka tarar da aiki yana nan yadda aka bar shi. Na daɗe ina ganin haka, kuma na gamsu cewa gyaran ya fi rataya a wuyan mai karɓar horon, domin baƙo raɓa ne, kai ne za ka zauna da majinyata bayan motocinsu sun tafi.

Kafin ka amsa kowace gayyata, ka ɗauko rajistar asibitinka ta wata goma sha biyu da suka wuce, ka zauna da shugabar ungozomomi da mai kula da ɗakin magani, ku ƙirga. Mata nawa suka zo da zubar jini bayan haihuwa, nawa suka zo da jijjiga, jarirai nawa aka haifa ba su yi kuka ba, kuma mutum nawa kuka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo saboda abin da ya kamata a ce kun iya yi da kanku? Wannan ƙidayar ita za ka riƙe a hannu ranar da wakilan ƙungiyar suka zo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abokin hulɗa na gari ba ya jin haushi don an nuna masa wurin. Idan sun zo da horon cike fom a kwamfuta alhali zubar jini ke cinye maka mata, ka faɗa musu cikin ladabi, ka kuma rubuta wa hukumar lafiya ta matakin farko ta jiha, tun da ta hannunta irin wannan aikin ke bi.

Zaɓen wanda za a tura shi ne inda aka fi yin ɓarna. Saboda alawus, sau da yawa gurbin kan faɗa hannun babba wanda ya daɗe da barin taɓa majinyaci, ko wanda ya kusa ritaya, ko mai uwa a gindin murhu. Ka tambayi kanka wa ke kwana a asibitin. Wadda ke dutin dare, wadda take tsaye ita kaɗai da tocila ƙarfe biyu lokacin da aka shigo da mai naƙuda, ita ce ta cancanta ko da ita ce ƙarama a muƙami. Tun shekarar 2014 Nijeriya ta amince da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta ba jami'an lafiya na al'umma damar yin wasu ayyukan ungozoma idan an horar da su, don haka babu hujjar tsallake su a wurin da babu ungozoma. Ka fifita mace a aikin haihuwa, domin a ƙauyukanmu mata da yawa sun gwammace su haihu a gida da a ce namiji ya karɓe su, ka kuma fifita 'yar gari mai iyali a nan, wadda ba za ta nemi canjin wurin aiki da zarar ta karɓi takarda ba. Kada ka tura mutum ɗaya tilo. Ranar da ta tafi hutun haihuwa, ilimin ya tafi tare da ita.

Sannan ka nemi a kawo horon cikin asibitinka, a kan gadonka, da kayan da kake da su. Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne shirin taimaka wa jarirai su yi numfashi, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan aikinta suka ƙaddamar a 2010. Abin da yake koyarwa ba shi da yawa. A tsane jariri da kyalle mai tsabta, a murza bayansa, idan bai yi numfashi ba a ɗan ɗaga haɓarsa, a rufe hanci da baki da murfin jakar hura iska wadda ma'aikata ke kira ambu, a riƙa matsawa kamar sau 40 a minti ana kallon ƙirji yana tashi, kuma a fara hurawar kafin minti ɗaya ya cika daga haihuwa. Binciken da aka buga a 2013 daga asibitoci takwas na Tanzaniya ya nuna cewa mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan horon. Sai dai hannu yana mantawa cikin 'yan watanni idan ba a maimaita ba. Saboda haka ka roƙi a bar maka 'yar tsanar jaririn da ake gwajin hura iska a kanta, ka ajiye ta a ɗakin haihuwa, kowace ma'aikaciya ta yi minti biyar a kanta yayin karɓar aiki, abokiyar aikinta tana duba agogo.

Na taɓa shiga wata cibiya da sassafe na tarar da ungozoma zaune a bakin gado, hannuwanta a cinya, an naɗe jariri a zane an ajiye gefe. Ta halarci horon, ta san abin da ya kamata ta yi, amma jakar ambu tana kulle a sito har da ledarta, makullin kuma yana aljihun wanda ya tafi gida tun magariba don gudun kada masu duba kaya su zo su ce ta ɓata. Har yau abin yana damuna. Duk kayan da aka ba ka tare da horo, ka fito da su ranar da suka iso, ka rataye su inda hannu zai kai, ka sa a rubuta su a littafin miƙa aiki. Idan kuma na'ura ce mai cin wuta, ka tambaya tun kafin a sauke ta ko solar da kake da ita za ta ɗauka, da wanda zai gyara ta a Sakkwato.

Idan likitoci baƙi ne za su zo su yi aiki da hannunsu, ka tabbatar sun yi rajistar wucin gadi da hukumar kula da likitoci ta Nijeriya, sannan ka sa sharaɗi cewa kowace tiyata akwai ɗan gida a gefensu yana riƙe da wuƙa. Muna da abin koyi a cikin garinmu. Asibitin yara masu cutar noma, cutar da ke cinye naman baki da fuskar yaran da tamowa ta raunana, an kafa shi a Sakkwato a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke tallafa masa, inda ƙwararru ke zuwa lokaci-lokaci su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci da ma'aikatan jinya na gida. Haka ma Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya zauna a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980, ya koya wa likitocin Arewa da dama gyaran yoyon fitsari a kan teburin tiyata. Irin wannan doguwar hulɗar ce ke haifar da malami ɗan gida, kuma shi ne abin da ya kamata ka nema a fili: a fitar maka da mutum ɗaya ko biyu waɗanda za su iya koyar da sababbin zuwa da Hausa.

Duk abin da aka amince da shi a rubuta shi, musamman batun wanda zai ci gaba da sayen kaya. A 2013, da tallafin shirin lafiya na TSHIP na hukumar agajin Amurka ta USAID, Sakkwato ta zama jiha ta farko a Nijeriya da ta fara rarraba man kuloheksidin na shafa wa cibiyar jariri tare da ƙwayar misofurostol ta hana zubar jini, kuma gwamnatin jiha ce ta sayi magungunan da kuɗinta. Shirin ya ƙare a 2015, ita kanta USAID an rufe ta a 2025. Kayan aro ba ya ado, don haka tun ranar sa hannu ka kai lissafin safar hannu da magani da man babur na kai rahoto gaban kwamitin raya mazaɓa da daraktan lafiya na ƙaramar hukuma, a san layin kasafin da za su shiga. Ka kuma sa a rubuta ranar da ƙungiyar za ta dawo bayan wata shida, ku buɗe rajistar nan tare, ku sake ƙirga matan da suka zubar da jini da jariran da ba su yi kuka ba.