Tsohuwar bindigar iska: duba fatarta kafin ka ce ta mutu

Bindigar ta kawuna ce. Shekara da shekaru yana korar kurciya da ɓeraye da ita a garkarsa ta Mirya. Da ya rasu aka jingine ta bayan ƙofar zaure a gidanmu na Birni, ƙurar hunturu na hawa kanta tana sauka. Ranar da na ɗauko ta na gwada, wani ɗan "fus" kawai ta yi, harsashin ko bakin bututu bai leƙo ba. Yayana ya ce, "Kai wa maƙera su yi maka wuƙa da ƙarfen." Ban kai ba, ga ta nan yau tana huda gwangwanin tumatir a taku ashirin.

Irin wannan bindiga ba ruwanta da albarushi. In ka karya bututun ƙasa, wani ƙarfe ya tura fistan baya ya matse sifirin, kunama ta riƙe. In ka ja kunama, fistan ya ruga gaba ya tura iska ta wata 'yar kafa, iskar ta kori harsashin darma. Famfon keke ne mai zafin nama, kuma kamar famfon keke, fata ce a kan fistan ɗin tsofaffin. Zafin bazarar Damagaram da iskar hunturu kan busar da fatar ta ƙanƙance, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu, ciwonsu ke nan.

Fara da sanin wace ce a hannunka. Goge bayan tulun fistan, wato kwaroron ƙarfen da fistan ke gudu a ciki, da tsumma mai ɗan maiƙo, ka haska tocila a karkace, rubutun da tsatsa ta rufe zai fito. Tawa tana da hoton mace ta yar da baka ta ɗaga bindiga sama, alamar Diana ke nan, kamfanin Jamus da aka kafa a garin Rastatt a 1890. Lambar samfurin 27. Can baya ta gefen hagu akwai ƙananan lambobi, 06 72, wato watan shida na 1972. In ka ga Diana amma an rubuta ƙirar Birtaniya ce, wannan ta kamfanin Milbro ce na Sikotland, wanda ya samu injunan Diana bayan yaƙin duniya na biyu, kada ka ɗauka kayan gyaransu ɗaya. HW na nufin Weihrauch, ita ma Jamus. Bindigogi uku a jingine da juna alamar BSA ce ta Birmingham. Slavia daga tsohuwar Cekoslobakiya take. Akwai kuma 'yan Sin ƙirar Shanghai, masu araha da kaushin aiki.

Nemi faɗin bututu, 4,5 ko 5,5 a milimita. Ingilishi kan rubuta .177 da .22. In ka ga harafin F cikin zane mai kusurwa biyar, dokar Jamus ce ta 1970, ma'ana ƙarfinta bai wuce jul 7,5 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne). Harsashi mai rabin giram zai fita da gudun wajen mita 170 a daƙiƙa. Haka aka ƙera ta, kada ka wahalar da kanka neman ta zama ta farautar barewa.

Kafin komai, karya bututun kaɗan ba tare da ka ɗana ba, ka leƙa ta baya wajen haske. A tawa na tarar da harsasai uku a jere da ƙwayar dawa, aikin jikoki. Da sandar tagulla ko ƙaramin itace ake turo su. Kada ka sa wayar ƙafar keke, tana ƙarje zaren da ke cikin bututun, shi ne kuwa ke murɗa harsashi ya tafi miƙe. Bayan haka ka ɗaura tsumma a igiyar fatsa ka ja daga baya zuwa baki har ya fito fari.

Yanzu maganin da ya fi sauƙi. Ɗiga mai biyar ko shida cikin 'yar kafar iskar, ka tsayar da bindigar kan gindinta ta kwana, fatar ta sha. Wane mai? A nan na yi kuskurena na farko. Man injin babur na zuba, har da ƙari don in kyautata. Da na harba sai ta yi ƙara kamar ta albarushi, hayaƙi na fita, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Iskar da aka matse tana ɗaukar zafi har ta kunna mai, kamar dai injin gazuwal, kuma wannan fashewar tana ƙona fata tana karya sifirin. Kananzir da man feshi na gwangwani sun fi muni. Man gyaɗa kuwa daskarewa yake ya zama danƙo. Abin da fata ke so shi ne man ƙafar sa, wanda ake samu in an dafa ƙasusuwan ƙwauri da ƙafafu aka yaɗe man da ya taso, ko kuma man silikon in wani mai zuwa Kano zai sayo maka.

Duba kuma zoben da ke gindin bututu, inda yake haɗuwa da tulun. Barbaɗa masa ɗan garin alli ka harba. In garin ya tashi, iska na tsere wa ta nan. Ciro zoben, ka sa masa 'yar siririyar takarda a ƙasa ta ɗago shi, ko ka yanka sabo.

In duk wannan bai yi ba, sai buɗewa, kuma a nan ake jin ciwo. Ko ba a ɗana ba, sifirin a matse yake. Ni da hannu na danne murfin baya na bugo fil biyun da ke riƙe da shi. Murfin ya kuɓuce ya tsallake tsakar gida ya fasa wa uwargida randa. Da fuskata ya samu, da wani ne ke ba ku labarin nan. Sai da na kafa katako mai kauri, na tokare bakin tulun a gefe ɗaya, na sa jak ɗin mota a ɗaya gefen ina sassautawa a hankali. Shimfiɗa farin zane a ƙasa, don kunamar Diana 27 tana da ƙananan ƙwallayen ƙarfe uku da ke zubowa. Wajen mayarwa, ɗan giris ne ke riƙe su a raminsu.

Fatar da na tarar ta yi baƙi ta farfashe kamar busasshen kilishi. Na je wajen dukawa, abin da garinmu ba ya rasawa, na sayi gutsuren ƙirgi mai kaurin milimita biyu zuwa uku. Yanka shi da'ira da ta fi faɗin tulun, ka huda tsakiya, ka jiƙa da ruwa ya yi laushi. Sa shi tsakanin wosha biyu a jikin noti, ka ja shi cikin guntun bututu mai faɗin tulun, ya kwana biyu ya bushe ya zama kamar ƙoƙo. Datse gefen da reza, ka jiƙa shi da mai kwana ɗaya, sannan ka ɗaura, bakin ƙoƙon na kallon gaba. Wajen turawa ka lallaɓa shi ya wuce tsagar tulun, gefenta na da kaifi. Ni sai da na goge ta da samfefa.

Mirgina sifirin a kan tebur. In yana tafiya yana ɗingishi ya lanƙwashe, sai sabo daidai tsawonsa da kaurinsa. Wani makaniki a Zango ya so ya ba ni wanda ya fi kauri, wai ta ƙara ƙarfi. Na ƙi. Sifirin da ya fi ƙarfin bindiga duka kawai yake ƙara mata, saiti ya lalace. Shafa masa baƙin giris, irin na kardan ɗin mota, shafa kaɗan ba cusawa ba, kuma kada ya kai gaban fata. In tana kuka "tirrr" bayan harbi, yanka gefen gorar roba ka naɗe cikin fistan ya zama riga tsakaninsa da sifirin. Kunama dai ka wanke ka bar ta yadda take, wanda ya goge haƙorinta da magagari ya samu bindiga mai tashi da kanta.

Tsatsar waje soson ƙarfe mai laushi da mai sun isa. Katakon ka goge ka shafa masa man katako, ka ɗaure sukurorinsa uku, don in sun yi sako-sako harsashi yawo zai yi ta yi.

Harbi goma ko ashirin na farko za ta yi ɗan hayaƙi, ba komai. Kada ka harba ta babu harsashi, fistan zai daki ƙarfe. Kada ka bar ta a ɗane ta kwana. Lokacin sa harsashi, hannu ɗaya na riƙe da bututun, don in kunama ta kuɓuce yatsa zai tafi. Kada ka ƙanƙame ta wajen saiti, aza ta a tafin hannu ka bar ta ta yi motsinta, wuri ɗaya kullum. Ni a bayan gida nake gwaji, na jingina buhun yashi a katangar laka, yara duka a bayana. In zan kai ta garka a buhu nake naɗe ta, kuma sai da na je na tambayi jandarmomi abin da ake bukata, don daga nesa ba mai bambanta ta da ta albarushi.