Yadda Za A Zaɓi Linux Kafin Neman Shaidar Ƙwarewa

Wanda yake son zama mai kula da manyan kwamfutocin ma'aikata, ya fara duba shaidar da yake nema, domin ita ce za ta nuna masa nau'in Linux ɗin da zai girka (Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, kuma tana da nau'o'i da yawa). Jarrabawar RHCSA, wato shaidar ƙwarewa ta kamfanin Red Hat, aiki ce tsantsa a kan nau'in Linux na Red Hat, ba tambaya da amsa ba, saboda haka ya girka Rocky Linux ko AlmaLinux kyauta, domin suna aiki kamar Red Hat, ya yi ta ƙirƙirar asusun masu amfani da gyara izinin fayiloli har hannunsa ya faɗa. Jarrabawar LPIC-1 kuwa, wadda ake rubutawa kashi 2, ba ta ɗaure wa nau'i ɗaya ba, amma tana tambayar tsarin girka manhaja na Debian (wani nau'in Linux) da na Red Hat duka.