Kurakuran da aka fi yi da kwantirolar monita a situdiyo, da yadda ake gyara su

Kwantirolar monita dai ita ce ƴar akwatin nan mai ƙaton abin murɗawa da ake ajiyewa akan teburin situdiyo, sauti ya fito daga sawun kad, wato na'urar da ke fitar da sauti daga kwamfuta, ya shige ta, sannan ta miƙa shi ga sifikun monita. Aikinta ƙarawa da rage ƙara, canza sifika daga wannan zuwa waccan, zaɓen inda sautin zai fito, sai ƴan maɓallan mono (haɗe hagu da dama waje guda) da dim (rage ƙara) da miyut (kashe sauti), wasu kuma harda tokbak (na yi wa mawaƙi magana ta hedfon ɗinsa) da ramukan hedfon. Shikenan fa. Bata gyara miksin, wato haɗin muryoyi da kayan kiɗan da kayi, bata ƙara wa waƙa daɗi, kuma duk wadda kaji ta ƙara wa sautinka zaƙi toh ƙarya take maka, don aikinta ta baka abinda ke ciki yadda yake, akan ƙara guda ɗaya da kunnenka ya saba da ita kullum. Kusan duk kurakuran da zan kawo daga rashin gane wannan suke tasowa.

Babban cikinsu, wanda na fi ganinsa a ko'ina, shine mutum ya ƙure bolum ɗin bayan sifika har ƙarshe, ya ƙure na sawun kad, sannan ya dawo yana lallaɓa abin murɗawar kwantirola a can ƙasa ƙasa wajen ƙarfe bakwai ko takwas na agogo, da ya ɗan taɓa kaɗan ɗakin ya ɗauka. Matsalar anan ba ta ƙara bace kawai. Yawancin kwantirola masu sauƙin kuɗi abinda ke cikinsu layi biyu ne na kabon akan sanda ɗaya, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kuma a can farkon murɗawa layukan nan biyu basa tafiya daidai, sai kaji muryar mawaƙi da ya kamata ta tsaya a tsakiya ta karkata gefe guda, kai kuma ka koma cikin manhaja kana tura murya ɗaya gefen wai kana gyara, alhali miksin ɗinka lafiyarsa ƙalau, na'urarka ce ta ruɗe ka. Gyaran baya cin ko sisi, ka zagaya bayan sifikun ka rage musu, ka rage har sai ya zama ƙarar da kake aiki da ita kullum tana faɗowa wajen ƙarfe goma sha biyu zuwa biyu akan kwantirolar. A nan ne hagu da dama suka fi daidaituwa, kuma ka samu filin motsi, ba wai ka taɓa kaɗan ta yi tsalle ba. Harda ƴar shuuu ɗin nan da sifika ke yi in babu kiɗa zakaji ta ragu. Masu tsada da ake murɗawa suna ƙas ƙas mataki mataki basu cika wannan ciwon ba, saboda kowane mataki an auna masa nasa rezista, amma ba dole sai ka kai can ba.

Wani kuma ya sayi kwantirolar amma hannunsa bai daina zuwa fedar masta, wato bolum ɗin waƙar gaba ɗaya a cikin manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase ba in yana so ya rage ƙara. Dan Allah a daina. Fedar masta ta fayil ɗin da zaka fitar ce ba ta kunnenka ba, ranar da ka manta ka fitar da waƙa a haka zata fito a shaƙe ko kuma ta fashe. Ka bar ta a sifili, fitar sawun kad ma ka tsayar da ita waje guda kar ka sake taɓawa, ƙara da ragewa duk su koma hannun kwantirola. Amfaninsa ma ranar da kwamfuta ta haukace ta saki wata muguwar ƙara, hannunka na kan abu na zahiri da zaka murɗe nan take, ba ka tsaya neman linzamin kwamfuta ba tiwita, ƴar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, na ƙonewa.

Yanzu maganar da mutane suka fi raina wa, rashin tsayayyar ƙara. Yau kayi miksin da ƙarfi saboda kana cikin nishaɗi, gobe kayi a hankali saboda dare yayi, jibi ka buɗe aikin kace wai bes ya ɓace ko yayi yawa. Bes yana nan inda ka barshi, kunne ne haka Allah ya yi shi, in sauti yayi ƙasa baya jin bes da can saman tirebul sosai kamar yadda yake jin tsakiya, in ƙara ta hau sai su fito. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna wannan abin suka fitar da shi. Kaga kenan mai canza ƙara kullum kamar mai awo ne da sikelin da ke canzawa kowace safiya, duk ƙwarewarsa lissafi bazai taɓa fita ba.

Yadda ake tsayar da ƙarar ba wuya. Ka samo fayil ɗin fink noyis, wato ƙarar nan mai shuuu kamar ta rediyon da bai kama tasha ba, wanda aka saita ƙarfinsa akan -20 dBFS, ma'aunin ƙarfin sauti a cikin kwamfuta. Ka ajiye abin murɗawa a wajen ƙarfe goma sha biyu ko ɗaya, ka kunna sifika ɗaya tak, ka riƙe mitar auna ƙara a daidai inda kanka yake zama, ka saita ta akan tsarin awo na C da kuma karatu a hankali wato Slow, sannan ka dinga murɗa bayan sifikar har mita ta nuna lambar da kake so. Ka kashe ta kayi wa ɗayar haka. Toh wace lamba? Anan ma ana tafka kuskure, mutum yaji ance 85 dB sai ya ɗora wa ɗan ɗakinsa, alhali 85 ɗin ta manyan ɗakunan haɗa sautin fim ce inda sifika ke nesa da kai. A ƙaramin ɗaki da sifika ke gaban hancinka wannan duka ne, wajen 74 zuwa 79 ya wadatar, kuma kunne zai kai yamma bai gaji ba. Ka tuna masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, NIOSH, awa 8 suka yanke akan 85 dBA, in ka ƙara 3 kacal lokacin ya koma awa 4. In ka gama ka manna ɗan salatif ko ka ɗiga alama a inda abin murɗawar ya tsaya, nan ne gidanka, zaka iya hawa sama na minti ɗaya don kaji ƙarfin kiɗa ko ka sauka ƙasa sosai don kaji ko murya na fitowa, amma ka dawo kan alamar. Mitar cikin wayar hannu ba daidai take ɗari bisa ɗari ba, amma don daidaita hagu da dama tana yi.

Daga nan sai masu sifika kala biyu. An sa manya a A, an sa ƙanana a B, ana dannawa ana cewa kai manyan nan sun fi faɗin gaskiya, alhali kawai sun fi ƙara ne da desibel uku ko huɗu. Kunne ko bambancin desibel ɗaya ne sai ya zaɓi mai ƙarfin yace ita ta fi daɗi. Wancan awon da kayi wa na farko kayi wa na biyun, wasu kwantirolar suna da ƴan ƙananan wuraren saiti na kowace sifika, in babu kayi a bayan sifikar. Haka in kana gwada miksin ɗinka da waƙar da ta riga ta fita kasuwa, ita an mata mastarin, wato gyaran ƙarshe, ta cika tam, dole ka rage ta ta dawo daidai da taka kafin ka fara yanke hukunci, in ba haka ba zaka yi ta matse aikinka a banza kana bin ƙara.

Wayar haɗa na'urori kuma wlh tana ba mutane wahala fiye da na'urar kanta. Jak ɗin jita da jak ɗin balans kamarsu ɗaya a ido, bambancin zobe ne, na jita wato TS zoben baƙi ɗaya gareshi, na balans wato TRS biyu. In ka haɗa da na jita sauti zai fito, shi yasa mutane basa ganewa, amma ka buɗe wa gurnani ƙofa, kuma a wasu na'urorin ƙarfin sautin ma yana faɗuwa da kusan 6 dB. Wanda ya fi muni a sa TRS a hagu TS a dama, sai gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya a zo ana zagin sifika. Tun daga sawun kad har sifika ka tabbata TRS ne ko XLR. Akwai kuma batun +4 dBu da -10 dBV, na farkon na kayan situdiyo ne wajen bolt 1.23, na biyun na kayan gida irin masu RCA wajen bolt 0.316, tsakaninsu kusan 12 dB. In ka jona wayar hannu ko wani abin kunna waƙa kaji yayi sanyi sosai ba lalacewa yayi ba, ka duba ko akwai maɓallin canza wannan a bayan kwantirolar ko sifikar.

In kuma kwantirolarka irin mara wuta ce, kamar Mackie Big Knob Passive ko Palmer Monicon ko JBL Nano Patch, toh kar ka ja mata doguwar waya daga ita zuwa sifika. Bata da abinda zai tura sautin da ƙarfi, doguwar waya sai ta fara shanye saman tirebul a hankali, kuma yawan shanyewar yana canzawa da inda ka murɗa. Mita biyu zuwa uku ba komai, in sifikunka na can nesa gara mai cin wuta irin su PreSonus Monitor Station ko Audient Nero. Ni a ganina ƙaramin ɗaki mai sifika biyu mara wutar ta isheshi, babu wani abu a cikinta da zai ƙara hayaniya. Sai dai a kula, mara wuta ba yana nufin ta sifika mara wuta bace. Sifika irin Yamaha NS-10 sai da amfilifaya, kuma kwantirola kafin amfilifaya take zama, kar ka kuskura ka zuro mata fitar amfilifaya, zaka ji ƙauri.

Gurnanin nan mai huuum na 50 ko 60 Hz da ke tasowa da zarar an haɗa komai, yawanci saboda kwamfuta na wani soket ne sifika na wani. Ka tara su duka akan layin wuta ɗaya, ka raba wayar wuta da ta sauti kar su kwanta tare, in yaƙi ka nemi ɗan taransifoman da ake sawa a layin sauti don raba su. Abinda bazaka yi ba shine karya ƙafar at ta fulogi, gurnanin zai iya tafiya amma ka cire abinda ke kare ranka ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfe. Kunnawa kuma sifika ce ƙarshe, kashewa ita ce farko, kuma ka sauke abin murɗawa kafin ka zare ko ka soka wata waya.

Maɓallin mono kashi biyu ne masu laifi a kansa, waɗanda basu taɓa danna shi ba da waɗanda suka danna suka manta. Na farko su ne zaka ji kiɗansu ya buɗe yayi faɗi a situdiyo, ana sawa a waya ko ƴar sifikar bulutut sai fiyano ya ɓace, amshi ya shige ciki, saboda abinda ke hagu da na dama suna cinye juna in an haɗe su. Ka dinga dannawa lokaci lokaci tun kana tsakiyar aiki, ba sai ka gama ba, in wani abu ya ɓace ka koma kan ifet ɗin faɗaɗa sauti da ka ɗora masa ka rage. Na biyun kuma sai suyi awa guda suna tura kaya hagu da dama suna mamakin abin baya motsi. Dim ma haka, yawanci wajen 20 dB yake ragewa don ayi magana, mutum ya manta yana danne ya ƙure abin murɗawa, yana sakinsa kowa ya dafe kunne. In kaji ƙara tayi ƙasa ba dalili, maɓallan zaka fara kallo kafin hannunka ya kai ga murɗawa.

Tokbak kuwa ka saba da danna ka riƙe, kana gama magana ka saki. Wanda ake dannawa ya zauna shine ke sa mawaƙi na cikin ɗakin rekodin da hedfon a kunne yana jin duk abinda ake faɗa akan muryarsa, daga nan kuma aikin ranar ya lalace. Sannan hedfon ɗin mawaƙi kar ya zama yana bin abin murɗawarka, ka fitar masa da nasa layin daga wasu ramukan sawun kad zuwa shigar da aka ware wa hedfon, yadda in ka canza sifika ko ka danna miyut shi ko a jikinsa. In kuma a ɗaki ɗaya kuke da makirfo, sifika a kashe suke lokacin ɗauka, kowa ya sa hedfon. Hedfon mai om 250, irin wani samfurin Beyerdynamic DT 770, ba kowane rami ne ke iya tura shi ba, in kaji yayi sanyi ka duba wannan kafin kace ya mutu.

Masu sabufa, wato sifikar bes zalla, su tabbata tana da nata maɓallin kashewa ko kuma tana bin sifikun A kaɗai, don in tana ci gaba da bugu bayan ka koma ƙananan B toh gwajin bashi da amfani, dama dalilin ƙananan kenan, kaji yadda waƙar take in babu wannan ƙasan. Rabon sauti tsakanin sabufa da sauran sifiku yawanci a wajen 80 Hz ake farawa, sai a daidaita da kunne da mita.

Akwai kuma wanda tun farko bai buƙace ta ba. In sifikunka biyu ne, kai kaɗai kake aiki, sawun kad ɗinka na kusa da hannunka da nasa abin murɗawar mai kyau, kuɗin nan gara ka zuba su a gyaran bangon ɗaki da kusurwoyi, don ɗakin da ke amsa kuwwa babu kwantirolar da zata cece shi. In kuma ka riga ka saya har ta fara ƙarar ƙas ƙas in ana murɗawa, ƙura ce ta shiga, ka kashe sifika ka murɗa ta gaba da baya sau da yawa, in bata daina ba a fesa mata maganin wanke kontak na kayan lantarki, ba man da ake sa wa ƙarfe mai tsatsa ba, kuma ka samo ɗan ƙyalle kana rufe ta in an tashi.